Jakar Mai Ludayi

Shekara ashirin da shida Iya ta yi tana girki a kicin ɗin kamfanin takalma, kuma a tsawon shekarun nan ba ta taɓa fitowa da ko ƙwayar shinkafa a jakarta ba. Ba ni na faɗa ba, mai gadin ƙofa ne ya faɗa. Dokar wurin ita ce duk wanda zai fita sai ya buɗe jaka an duba, daga mai shara har shugaban sashe. Ita kaɗai ce in ta doso ƙofa yake ɗaga mata hannu ya ce, "Wuce abinki, Mai Ludayi. In na duba jakarki ai kaina na zaga." Sai ta dawo gida ta ba mu labari kamar ranar aka fara faɗa mata, mu kuma mu yi ta tsokanarta, wai wannan ce lambar yabon da kamfani ya ba ta a maimakon ƙarin girma. Ba ta damuwa. A wurinta maganar mai gadin nan ta fi kowace takarda.

Ina da shekara goma sha ɗaya mahaifinmu ya rasu, ya bar ta da ni da ƙanena. Da wanke-wanke ta fara a kicin ɗin, daga nan ta koma yankan albasa, daga nan aka ba ta tukunya ɗaya, har dai ludayin kicin ɗin gaba ɗaya ya dawo hannunta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannayenta duk tabon ƙuna, kuma ko ta yi wanka sau biyu sai ka ji ƙamshin albasa a jikinta. Mutum ɗari huɗu take ciyarwa kullum, safe da rana, ba ta taɓa awo da sikeli ba. Harshenta ne ma'auninta. Jakar kuwa baƙa ce ta roba, an sake mata zif sau biyu, kuma tun ina yarinya na san abin da ke ciki: hankici, carbi, makullin gida, gutsuren sabulu a leda, da ɗan madubin da ya tsage ta gefe.

Ni malamar firamare ce, aji huɗu nake koyarwa. Iya ma da "Malama" take kirana, rabi girmamawa rabi shaƙiyanci. Aikina ya koya mini abu ɗaya da nake taƙama da shi, wato gane ƙarya. Yaro ya ce akuya ce ta cinye littafinsa, kallo ɗaya zan yi masa ya fito da shi daga ƙarƙashin riga. Ina ganin babu wanda ya isa ya rufe ni. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da ke ba da labarin.

Ciwon ya fara ne da nauyin ƙeya. Sai ta zauna a bakin gado ta dafe bayan kanta, ta ce zafin murhu ne. Da jiri ya fara ɗibarta a kan titi na tasa ta gaba sai asibitin unguwa. Nas ta ɗaura mata abin awo a damtse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa, sannan ta kira likita. Ɗari da tamanin ne na sama. Likitan ya ce hawan jini ne, ya rubuta magani, sannan ya ɗauko ƙaramin cokalin shayi daga aljihun tebur ya nuna mana.

"Gishirin yini guda kada ya cika wannan," in ji shi. "Har da wanda ba a gani, na cikin dunƙulen miya, da burodi, da kifin gwangwani. A wurin aiki me kike ci, Iya?"

"Ba na ci, likita," ta ce. "Mai girki ƙamshi ke ƙosar da ita."

Na gyaɗa kai, don kowa a gidanmu ya san haka. Ba ta taɓa zama ta ci abincin kamfani ba.

Ranar da muka dawo na kafa doka. Na kwashe gishiri da dunƙule na kai ɗakina na kulle a akwati. Na sayi injin awo irin na gida. Na karɓe girkin dare daga hannun matar ƙanena, na koma yi da tafarnuwa da citta da lemon tsami, gishiri kuwa sai ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, a tukunyar mutum bakwai. Ƙanena direba ne, mai son bakinsa. Ya ɗanɗana miyar ya aje cokali ya ce, "Yaya, wannan miya ce ko ruwan ɗauraye tukunya?" Yaransa suka tuntsire da dariya. Na ce wanda bai iya ci ba ƙofa a buɗe take.

Iya kuwa ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Matar da mutum ɗari huɗu ke lashe kwano saboda hannunta, sai ga ta tana cin lamin abincina ba ko yatsine fuska. Abin da kawai ta ce shi ne, "Malama, abincin nan naki akwai tarbiyya. Ba ya tsokanar kowa." Ta ci loma biyar ko shida ta ture kwano, ta ce ta ƙoshi.

Wata uku muka yi a haka. Mu kam bakinmu ya saba, har ƙanena ya daina mita. Da na gwada injin a hannunsa, nasa jinin da ke ɗan sama ya dawo daidai. Nawa ma ya sauka. Kowa a gidan ya amfana sai wadda aka yi dominta. Kullum da yamma in ɗaura mata, injin ya yi ta kumbura yana huci, ya tsaya a ɗari da saba'in da wani abu. Ta sha magani a gabana, na ga ta haɗiye. Ko gezau.

Da muka koma asibiti likita ya ƙara mata wata ƙwayar, sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ana dai kiyaye gishirin ko?" Tambaya ce kawai, amma ni na ji ta kamar mari. Tun a mota nake haɗa lissafina irin na aji huɗu. A gida ba ta samun gishiri. Ba ta cin abincin kirki, amma ba ta rame ba. To a ina take ƙoshi? Kafin mu iso gida na riga na yanke hukunci, saura kawai in kama ta.

Washegari da yamma ta dawo daga aiki, ƙafafunta a kumbure, ta zauna a kan kujerar tsakar gida tana cire takalmi. Matar ƙanena na tsintar shinkafa, yara na wasa a gefe.

"Iya, ba ni jakarki," na ce.

Ta ɗago ta dube ni. "Me za ki ɗauka in miƙo miki?"

"Dubawa zan yi."

Ba ta miƙo ba, ba ta kuma hana ba. Na sa hannu na ɗauke ta daga cinyarta, na zuge zif na zazzage a kan tebur. Hankici, carbi, makulli, sabulu, madubi, da ledar maganinta. Na laluba ƙananan aljihunan. Har hankicin na warware na shinshina, Allah ya gani. Babu komai. Yaran suka daina wasa. Da mai hankali ce ni, da a nan na tsaya na ba da haƙuri, amma rashin samun komai sai ya ƙara tunzura ni.

"To a can kike cinyewa ke nan kafin ki taho."

"Na ce miki ba na ci."

"Iya, inji ba ya ƙarya."

Ta dubi kayanta a kan tebur. Sannan ta ce, a hankali, "To ni ce nake yi ke nan."

Matar ƙanena ta ɗauki farantinta ta ja yara suka shige ɗaki. Iya ta shiga mayar da kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe hankicin yadda yake, ta goge madubin da gefen zaninta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi.

Tun daga ranar, in ta shigo gida ba ta zama sai ta je ta ɗora jakar a kan tebur, ta zuge zif ta wage bakinta, ta wuce ɗaki. Na ce mata ta daina, ta ce, "A'a, ki duba dai, hankalinki ya kwanta." Ta daina ba mu labarin mai gadi. Ta daina tsokanar abincina. "Malama" ɗin ma ta rage shaƙiyancin, saura girmamawar kawai, mai sanyi. Abin yana cina, amma na dake. Na riƙa ce wa kaina gara ta yi fushi da ni tana raye. Kuma a can ƙasan raina ban fasa zarginta ba, don injin bai fasa nuna abin da yake nunawa ba.

Wata biyu bayan haka, ranar wata Talata kafin azahar, ina tsakiyar rubutu a allo aka ce ana nemana a waya. Abokiyar aikin Iya ce ta shekara goma sha tara, wadda ake kira Doguwa. Ta ce Iya ta faɗi a gaban tukunya, ludayi a hannunta. Ko da na isa asibiti bakinta ya karkace, ɓarin jikinta na dama ya mutu, magana ta ɗauke. Idanunta dai a buɗe suke, suna bin duk wanda ya gifta.

A kwana na huɗu na je kamfanin ɗauko kayanta. Ban taɓa shiga kicin ɗin ba sai ranar, shekara ashirin da shida yana ciyar da ni. Ɗaki ne dogo mai farin tayil, zafi kamar ka narke, tukwane biyar a jere a kan wuta, kowace babban mutum zai iya zama a ciki. Doguwa ce ke riƙe da ludayin yanzu. Ta ce in ɗan jira ta sauke na rana, ta ba ni kujera kusa da ƙofa.

Ina zaune ina kallonta. Ta je tukunyar farko ta juya, ta ɗebo kusan rabin ludayi, ta hura, ta kurɓe duka ta haɗiye. Ta ɗaga kai sama tana lumshe ido. Ta watsa gishiri da hannu, ta juya, ta wuce ta biyu. Haka ta bi su biyar. Bayan ɗan lokaci ta sake zagayowa daga farko. Ni da ƙidaya ta zama mini jiki, sai na tsinci kaina ina ƙirgawa. A na goma sha ɗaya na miƙe tsaye.

"Baba Doguwa, kullum haka kuke yi?"

"Me fa?"

"Wannan shan."

Ta yi 'yar dariya. "Wane sha, 'yar nan? Ɗanɗanawa nake. Babbar tukunya ai ba irin ta gida ba ce da za ki ɗiga a tafin hannu ki lasa. Sai kin kurɓa kin haɗiye, a maƙogwaro ake jin gaskiyar gishiri. Haka wanda ya koya wa uwarki ya koya mata, haka ta koya mini. Kowace tukunya sau uku: in an zuba, in ta tafasa, in za a sauke. Safe da rana."

"Sau talatin ke nan."

"Ke kika san lissafi. Ita ma ai ta fi haka a 'yan watannin nan. Ta ce tunda ta fara shan magani bakinta ya zama wani iri, kamar ta tsotsi ƙarfe, ba ta yarda da harshenta ba. Rannan ma'aikata suka yi gunaguni wai miya ta yi lami, shugaban sashe ya shigo yana cewa ko dai tsufa ya zo ne. Tun ranar nan sai ta kurɓa, ta tsaya, ta sake kurɓa. Tsoro take kada a karɓe ludayin a ba wata."

Na ce, "Amma ta ce mana ba ta ci a nan."

Doguwa ta aje ludayin ta dube ni sosai, fuskarta ta canza. "Ai ba ta ci. Ko loma ɗaya. Kwanon da ake ware mata ni take ba. Burodin safe ma ta daina taɓawa, gyaɗar da muke ɗan saya a bakin ƙofa ta daina, ta ce Malama ta hana. Ɗanɗano ai aiki ne, ba ci ba ne." Ta nuna kujerar da ta ba ni. "Ta sha zama a kujerar nan, ta ce, 'Doguwa, 'yata ta ɗauka ina ci a ɓoye. Na rasa ta inda abin nan yake shiga jikina.'"

Na ɗauki ludayin na ɗebo na kurɓa. Wata biyar rabona da gishirin kirki, sai na ji kamar na watsa wuta a harshe. Abincin masu aikin ƙarfi ne, da gishiri da dunƙule ake cika shi don kada su yi ƙorafi. Na jawo wani kwano na shiga zubawa, rabin ludayi, rabin ludayi, ina ƙirgawa a fili kamar a gaban yara. Kafin in kai talatin kwanon ya cika ya fara zuba a kan tebur. Ya fi rabon ma'aikaci biyu.

Doguwa ta tsaya tana kallon kwanon. Sai na ga ta ɗaga hannu a hankali ta dafe ƙeyarta, daidai inda Iya ke dafewa. Na ce mata ta je a auna ta gobe-goben nan, ta koma ɗanɗanawa da ƙaramin cokali, ta riƙa tofarwa, su raba tukwanen tsakaninsu. Ta ce to. Ta shiga ɗakin canza kaya ta ɗauko mini jakar a jikin ƙusa.

A bakin ƙofa na tarar da layi, kowa na buɗe jakarsa. Na shiga layi, da aka zo kaina na kai hannu kan zif. Mai gadin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya dubi jakar ya dube ni.

"'Yarta ce ke?"

Na ce e.

"Bar shi, kada ki buɗe. Wannan jakar ba a duba ta. Ki gaishe ta, ki ce muna yi mata addu'a."

Na fita na tsallaka titi, na zauna a kan wani dakali gaban shagon mai faci, na rungume jakar na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, mutane na wucewa suna kallona. Bare wanda ba abin da ya haɗa su ya yarda da ita shekara da shekaru. Ni da ta goya, ta ciyar da ni da tabon hannunta, ni ce na zazzage mata jaka a gaban jikokinta.

Na sami likitan da ke duba ta na ba shi labari. Ya ce ba zai iya cewa wannan kaɗai ne sanadi ba, akwai shekaru, akwai gado, akwai tsayuwar yini a gaban wuta. Amma gishiri gishiri ne, jiki bai san wanda aka ci da wanda aka ɗanɗana ba. Ya ce, "Da an tambaye ta yadda take aikinta, da ta faɗa." Wannan ita ce maganar da ta fi tsaya mini. Da ta faɗa. Ni ban tambaya ba, tuhuma na yi.

Da la'asar aka buɗe ƙofar masu dubiya. Tana kwance an jingina ta da filo biyu, matar ƙanena ta taje mata kai. Na ce a ba mu wuri. Na durƙusa a gefen gadon na kama hannunta na hagu, mai lafiyar, na faɗa mata duka: tukwanen, da ludayin, da kwanon da ya cika. Na ce, "Iya, ba ki yi ƙarya ba. Ko sau ɗaya ba ki yi ba. Ni ce ban da hankali. Ki yafe mini don Allah."

Tana kallon bakina yana motsi. Likita ya riga ya gaya mana ba a san iyakar abin da take fahimta ba. Na sake maimaitawa, a hankali, kalma-kalma. Sai idonta ya sauka kan jakar da ke rataye a kafaɗata. Ta zare hannunta daga nawa ta miƙa.

Na yi murna, na ɗauka carbinta take so. Na ɗora mata jakar a kan ciki. Ta shiga kokawa da zif da hannu ɗaya, jakar na zamewa, ta danne ta da gwiwar hannu, ta ja, ta ja, har ya buɗe. Ta wage bakin jakar da yatsunta. Sannan ta turo mini ita.

"A'a, Iya," na ce. "Ba sai na duba ba. Na daina."

Na zuge zif ɗin na rufe. Ta yi wani sauti a maƙogwaro, ta sake jawo jakar, ta sake kama zif. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Na ga ba za ta huta ba sai an yi abin da aka saba. Na sa hannu na fito da su ɗaya-ɗaya a kan zanin gado, hankici, carbi, makulli, sabulu, madubi, hawaye na ɗiga a kansu.

"Na duba, Iya. Babu komai. Dama can babu komai."

Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta saki jakar ta lumshe ido.

Kwana tara bayan nan ciwon ya sake bugunta da hantsi, ba ta tashi ba. Doguwa ta zo gaisuwa da ledar magani a hannu, an auna ta an sami nata ma ya hau. Ta ce yanzu ƙaramin cokali suke amfani da shi, kuma miyar ba ta lalace ba. Mutane suna ce mini ai ta yafe, uwa ba ta riƙe ɗanta. Ina amsawa da to. Amma ni na san abin da na gani, kuma har yau ban sani ba ko ta ji haƙurin da na ba ta, ko kuwa ta ga dai Malama ta zo, ta buɗe mata jaka.